Gwaggo Vasiti, Wadda Ta San Kakanni da Hannu

A garinmu Navukea, idan ana cikin jirgi sai fiffiken shak, ƙaton kifin teku mai kaifin haƙora, ya keto ruwa ya fito, ba a kallonsa. Kowa zai sunkuyar da kai ya zuba wa ƙasan jirgi ido, mai tuƙi ya rage wuta, a yi shiru har ya wuce. Kakanni muke ce musu. Ba ma kama su, ba ma cin su, ba ma taɓa su ko da sun mutu. Mu masu zuwa coci ne, babana Isikeli ma shi ke wa'azi duk Lahadin da fasto bai samu jirgi ba, amma hakan bai taɓa hana shi sunkuyar da kai ba, kuma ban taɓa jin wani ya ce abubuwan biyu sun ci karo da juna ba.

A wannan gida aka haifi Gwaggo Vasiti, ƙanwar babana, wadda ta yi shekara ashirin da biyu tana tantance busassun fikafikan shak a wani sito a Suva, babban birninmu, ba tare da kowa a gari ya sani ba.

Tana da shekara ashirin da uku mijinta ya rasu, ya bar ta da goyon ɗanta Peni. Ta ƙi zama a gidan surukai, ta hau babban jirgi ta tafi birni. Ta yi wanki da guga a gidajen mutane kusan shekara guda, har wata maƙwabciyarta ta gaya mata ana ɗaukar mata aiki a sito kusa da tashar jiragen ruwa, aikin busasshen kifi. Ba ta tambayi wane kifi ba. Sai da aka zazzage buhun farko a kan teburi sannan ta ga abin da ta zo yi.

Ta ce mini ranar nan hannayenta a naɗe suke cikin zaninta tun safe har azahar. Mai siton, wani tsoho da ma'aikata ke kira Kawu Fong, ya wuce ta sau biyu. A na uku ya tsaya ya tambaye ta ko ba ta da lafiya ne.

"Na tuna Peni yana ɗaki ba ko madara," in ji ta. "Sai na ciro hannun."

Gida kuwa ta aika cewa ta samu aiki a kamfanin kifi. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, kuma ba wanda ya bi diddigi. Duk Kirsimeti takan zo da buhun fulawa da sukari da yadin makoki ko na biki, ta kwana huɗu ta koma.

Ni na je wurinta ina da shekara goma sha huɗu, lokacin da na ci jarrabawar shiga sakandare a Suva. Ɗaki biyu ne gidan, ni da ita a ɗaya, Peni a ɗaya. Abin da na fara lura da shi, duk yamma idan ta dawo sai ta yanka lemun tsami biyu ta goge hannunta har gwiwar hannu kafin ta taɓa tukunya. Na ɗauka tsabta ce kawai. Wata rana aka tashe mu daga makaranta da wuri, na tarar na manta makulli a ɗaki, sai na bi kwatance har siton. Mai gadi ya nuna mini bayan gini. Ina zagayawa na ga fili shimfiɗe da tamfol, a kansa fikafikai jere a rana, layi bayan layi har jikin katanga. Ban san lokacin da na sunkuyar da kai ba. Ina nan tsaye da jakar makaranta ina kallon takalmina, sai na ji muryarta a gabana.

"Ɗago kanki, Litiana. Waɗannan ba za su wuce ba."

A hanyar gida ba ta ba ni haƙuri ba, ba ta kuma kare kanta ba. Ta saya mini gyaɗa a bakin titi, ta ce, "Babanki ba zai ji wannan daga bakinki ba. In zai ji, daga nawa zai ji." Na riƙe maganar shekara tara.

Daga baya nakan zauna kusa da ita ranar Asabar ina karatu tana aiki, a nan na ga yadda take yi. Sauran mata da ido suke tantancewa, ita da hannu. Takan ɗauki fiffike ta shafa shi daga tsini zuwa gindi, ta sake shafa shi a juye inda fatar ke kartar yatsa kamar samfefa, ta murza kaurinsa, ta bi gindin da babban yatsa tana jin guringuntsin da ke jere a ciki, sannan ta wurga shi kwandon da ya dace ba ta ko duba ba. Na shak mai kan guduma dogo ne siriri, launinsa ya koɗe. Na mai farin tsini zagayayye ne kamar kunnen kofi. Akwai kuma wani mai sheƙi wanda sababbin ma'aikata ke jefawa cikin na shak, ita kuwa ta tsamo shi ta ce wannan ba shak ba ne, na vai ne, kifin nan mai faɗi kamar faifai, irin wanda rabin jikinsa na baya ya ɗauko na shak. Shi ya fi kowanne tsada. Kawu Fong yakan ce idan Vasiti ta ce wannan kaza ne, ko mai saye a Hong Kong ba ya musu.

Ba ta taɓa cewa tana son aikin ba. Amma na ga yadda take ɗaure fuska idan wata ta yi kuskure, na san tana alfahari da iyawarta, kuma wannan alfaharin ya fi aikin kansa damun ta.

Ƙasashen duniya suna da wata yarjejeniya a kan cinikin namun daji da na ruwa, duk bayan 'yan shekaru sukan zauna su ƙara sunayen waɗanda suka fara ƙarewa. Mu a sito ba mu san da ita ba sai da ta iso kan teburin Gwaggo. Aka fara da mai kan guduma da mai farin tsini, aka ce ba za su ƙetare iyaka ba sai da takarda. Aka ƙara manyan vai, waɗanda ake busar da matatar numfashinsu mai kama da mataji. Kwanduna suka riƙa raguwa, buhunan da ke zuwa ma fikafikan cikinsu suka riƙa ƙanƙancewa, har Gwaggo ta ce yanzu 'ya'ya ake kawo mata. Daga ƙarshe aka rufe fitar da fiffike gaba ɗaya. Kawu Fong ya tara ma'aikata ya sallame su, ya koma sayar da kayan gini. Gwaggo ta roƙe shi guda ɗaya daga kowane iri, ya ba ta, ta zuba a wani akwatin biskit na ƙarfe ta tura ƙarƙashin gado. Na tambaye ta me za ta yi da su, ta ce ita ma ba ta sani ba.

Ta koma sayar da roti, wata irin gurasa, da dafaffen rogo a bakin kasuwa. Peni ya yi aure ya koma Lautoka. Ni na gama makaranta na samu aikin rubutu a wani asibiti, muna zaune tare. Daga nan ta fara maganar gida. Akwai wani fili a Navukea tsakanin bishiyar mangwaro da kabarin mahaifiyarsu, nan take so ta kafa ɗaki ta ƙare rayuwarta. Ƙasa a wurinmu ta zuri'a ce, ba a saye ba a sayarwa, kuma babana ne shugaban zuri'a. Da ta aika masa da buƙatarta, ya aiko cewa ya ji, za a zauna a kan maganar idan an taru da Kirsimeti. Kowa ya san zaman na cika al'ada ne kawai.

A watan Satumba wata mata ta zo teburinta a kasuwa, ta sayi roti biyu, ta ƙi tafiya. Sunanta Torika, ma'aikaciyar hukumar kamun kifi ce. Ta ce an tare wasu buhuna a tashar jirgi waɗanda aka rubuta wa busasshen kifi, an buɗe an ga fikafikai, kwana uku ke nan mutum huɗu suna fama da littafin hotuna ba su gama buhu ɗaya ba. Wani tsohon direban siton ne ya ce su nemo Vasiti.

Gwaggo ta bar mini teburi ta bi ta. Kafin la'asar ta dawo. Torika ta gaya mini daga baya cewa buhu shida ta rarraba kashi-kashi a ƙasa cikin awa biyu, kuma da aka kai samfur ɗakin gwaji, guda ɗaya tak aka samu saɓani, shi ma da aka sake gwadawa ita ce da gaskiya.

Bayan mako biyu Torika ta dawo da takarda. Za a yi taron horo a Nadi cikin Nuwamba, ma'aikatan kwastan da na kamun kifi daga ƙasashe goma sha ɗaya na tekunmu, don duk wanda ya buɗe buhu a tasharsu ya san abin da yake riƙe da shi. Dokar ba ta da amfani idan mai tsaron tasha bai iya bambanta wanda aka hana da wanda ba a hana ba. Suna son Gwaggo ta koyar kwana biyar. Torika ta ƙara da murna cewa 'yan jarida za su zo, har da na talabijin.

Gwaggo ta karɓi takardar ta yi godiya. Da matar ta tafi sai ta zauna a kan bokiti. Jarida tana isa Navukea duk Juma'a a jirgin wani ɗan'uwansu, Manasa, kuma babana yana karanta ta daga farko har tallan ƙarshe.

"Ki ce musu ba ki da lafiya," na ce. "Wata uku ne ya rage a ba ki filin."

"In na kafa ɗakin fa? In zauna a gefen kabarin uwata da wannan a ƙarƙashin gado?" Ta nuna hannayenta, ba akwatin ba. "Je ki sayo mana tikiti. Ki biya kasuwa ki zaɓo saiwar yangona, babba, wadda ta kai shekara biyar. Kada ki bari su ba ki mai ruɓaɓɓen gindi." Yangona saiwa ce da ake dakawa a jiƙa a sha, kuma ita ake kai wa manya idan za a roƙi gafara.

Manasa ne ya tarye mu a gaɓa da jirginsa. Ɗan kawunsu ne, wato taubashinta, kuma tun suna yara ba su taɓa haɗuwa ba tare da sun yi wa juna tsiya ba.

"Matata ta birni ta tuna da mijinta," ya ce yana karɓar jaka. "Kin ga yadda na rame? Tunaninki ne."

"Tumbin nan ne ramar? Matsa, kada ka kifar da mu. Kai da jirgin nan ban san wanda ya fi wani yoyo ba."

Sai idonsa ya faɗa kan yangonar da ke naɗe cikin takarda, ya ga girmanta, dariyar ta ɗan ja baya. "Wa kika kashe?"

Ta gaya masa a tsakiyar ruwa, a taƙaice. Ya rage wutar inji ya daɗe yana kallon ta.

"Shekara ashirin da biyu," ya ce. "Kuma duk Kirsimeti da hannun nan kike zuba mini abinci."

"Ka mutu?"

"Ban mutu ba, amma gashina ya zube. Yanzu na san dalili." Ya ƙara wuta. "Zan yi miki magana. Sai dai Isikeli kin san shi, ban yi miki alkawarin komai ba."

Dole sai da Manasa, domin mace da ɗan'uwanta namiji idan sun girma ba sa zama a tabarma ɗaya, ba sa kiran sunan juna, ba sa doguwar magana ido da ido. Babana uwar Peni yake ce mata, ita kuma baban Litiana. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sun yi zancen da ya wuce gaisuwa ba.

Da la'asar aka zauna a ɗakin babana. Shi yana can sama wajen gado, dattawa biyu a gefensa, Gwaggo a bakin ƙofa kanta a ƙasa, ni da mahaifiyata a bayanta. Akwatin biskit an bar shi a jirgi, don ba zai taka ƙasar gari ba. Manasa ya durƙusa a tsakiya, ya ajiye yangonar, ya dafa ta da hannu biyu, ya yi magana da irin muryar da ban san yana da ita ba. Ya faɗi mutuwar mijin, ya faɗi goyon, ya faɗi siton, bai rage komai ba. Ya ce ga 'yarku ta zo da laifinta a hannu tana roƙon a binne shi. Ya ja baya ya zauna.

Abin da ya rage shi ne babana ya miƙa hannu ya taɓa yangonar ya tafa. Idan ya taɓa, magana ta mutu. Bai taɓa ba.

"Manasa," ya ce, "tambaye ta guda nawa."

Taku huɗu ne tsakaninsu, ta ji sarai. Amma Manasa ya juya ya ce, "Yana tambaya guda nawa."

"Gaya masa ban ƙirga ba. Gaya masa ko na ƙirga ba zai so jin adadin ba."

"Tambaye ta ko na mashigar ruwanmu sun bi ta hannunta."

"Gaya masa buhu ba ya zuwa da sunan gari. Amma jiragen da ke kawo mana suna kamu a wannan yanki. Ba zan ce a'a ba."

Ɗaya daga cikin dattawan ya yi tsaki a hankali. Mahaifiyata ta kama gefen rigata. Babana ya miƙe, na ɗauka fita zai yi, wanda in ya yi shi ke nan an gama. Sai ya nufi akwatin katakon da yake ajiye Littafi Mai Tsarki, ya ciro wata takarda da ta sha ninki, ya dawo ya ajiye ta a gaban Manasa.

Ashe shekara biyu ke nan zuri'a na neman a hana kamu a mashigar ruwanmu, saboda baƙin jirage da ke zuwa suna shimfiɗa dogon layin ƙugiya a bakinta. An ce musu ana iya yi, har akwai taimako daga waje na sa ido, amma sai sun cika takarda: waɗanne irin shak ne a wurin, kamar guda nawa, a wane wata suke zuwa. Babana ya cika ya aika. A layin da aka ce a rubuta iri, ya rubuta Kakanni. Aka dawo da ita. Ya sake aikawa ya ƙara da cewa manya da ƙanana. Aka turo wani ma'aikaci da kwali mai hotuna talatin, ya tara mazan gari ya ce su nuna waɗanda suke gani. Duk garin masunta, ba a samu mutum ɗaya da ya iya nunawa ba.

"Shekara arba'in ina ratsa mashigar nan," in ji Manasa, ya manta da muryar ɗazu. "A tambaye ni ƙasan jirgina, kowace ƙusa na san ta da suna."

Ba wanda ya yi dariya sai dattijon da ya yi tsaki, shi ma ya mayar da ita tari.

"Tambaye ta," in ji babana, "ko idonta ya san abin da hannunta ya sani."

"Gaya masa ban sani ba. Ban taɓa kallon mai rai ba. Ni ma a nan aka haife ni."

"Gobe da safe, in ruwa ya fara cika."

Ya tashi taron. Yangonar ta kwana a tsakiyar tabarma, kowa yana zagaye ta.

Da safe mu huɗu muka fita: babana a can baya kusa da inji, Gwaggo a can goshin jirgi, ni a tsakiya da takarda da biro, Manasa yana tuƙi. Da muka kai mashiga, inda ruwa ke sauya launi daga kore zuwa shuɗi, ya kashe inji ya juye bokitin kawunan kifi. Muka jira kamar minti goma. Sai na ji ruwa ya tsage ta hannun dama, na sunkuyar da kai.

Na saci kallo ta gefen ido, sai na ga Gwaggo ita ma kanta a ƙasa.

"Matata," in ji Manasa yana kallon yatsun ƙafarsa, "in ke ma kin sunkuya, wa muka kawo?"

Ta ɗago. Na ji numfashinta ya sauya. "Ba ya tsayawa," ta ce. "A jiƙe yake, baƙi ƙirin, kuma yana lanƙwasa. Ban san shi a haka ba."

Ina iya ganin hannunta daga inda nake. Ta ɗaga shi a iska, yatsunta suna bin wani abu da babu shi, daga tsini zuwa gindi, ta sake bi a juye, babban yatsa yana murzawa. Ta yi haka sau uku.

"Mai baƙin tsini," ta ce. "Rubuta, Litiana. Uku. A'a, huɗu." Can kuma, "Wannan gajere ne mai faɗin gindi, na mai ƙaton kai ne, babba, shi kaɗai." Ina rubutawa kaina a ƙasa, layin yana karkacewa. Ta ambaci iri huɗu. Daga nan ta miƙe tsaye har jirgi ya yi tangaɗi.

"Zauna, za ki aurar da ni ga ruwa," in ji Manasa.

"Masu kan guduma ne. 'Ya'ya. Ba su fi tsawon hannuna ba." Muryarta ta yi ƙasa. "Sun fi ashirin. A nan ake haifar su ke nan. Waɗannan suna cikin jerin da duniya ta sa wa ido, in aka rubuta wannan ba za a dawo da takardar ba."

Babana ya yi gyaran murya. Bai kira Manasa ba, bai kuma kira ta ba, ƙasan jirgi ya yi wa magana.

"Yaya suke?"

Gwaggo ta dubi Manasa, shi kuwa ya ƙi ɗagowa. Sai ta juya ga ruwa ta fara faɗa. Ta ce launinsu kamar tokar murhu da aka yayyafa wa ruwa, cikinsu fari. Ta ce idanunsu suna can a bakin gudumar, ɗaya nan ɗaya can, shi ya sa suke tafiya suna kaɗa kai kamar tsohuwa tana neman allura a tabarma. Ta ce suna tafiya tare, in ɗaya ya juya duk su juya, kuma akwai wani ƙarami da kullum shi ne a baya. Babana yana da shekara sittin da ɗaya a lokacin. Bai ɗago ba har suka wuce, amma ya saurara har ƙarshe, kuma da ta yi shiru ya ce, "Na bayan ya cim musu?" Ta ce ya cim musu.

Da muka koma bai ko wanke ƙafa ba. Ya aika aka kira dattawan, aka zauna yadda aka zauna jiya. Ya miƙa hannu ya dafa yangonar, ya ce an karɓa, abin da ya wuce an binne shi, kada a sake tono shi a bakin rijiya ko a bayan coci. Ya tafa sau uku, maza suka amsa. Aka daka ta a ranar aka sha. Kafin rana ta faɗi ya ɗauki adda da turaku huɗu ya nufi wajen mangwaro, bai jira Kirsimeti ba.

Ta je Nadi da akwatin biskit ɗinta. Torika ta ce ranar farko mahalarta sun zo da littattafai da biro, Gwaggo ta sa aka kwashe, ta ɗaure wa kowa ido da ƙyalle. Wani ƙaton ma'aikacin kwastan daga Tonga ya yi gunaguni cewa shi ba wasan yara ya zo yi ba, ta ɗora masa fiffiken vai a hannu ta ce ya gaya mata na wane ne, ya ce shak, ta ce to ya ci gaba da wasan. A rana ta biyar shi ya zo na ɗaya. Hotonta ya fito a jarida tana riƙe da hannun wata 'yar tsibiran Solomon tana bi da yatsunta a kan gindin fiffike. Akwatin ta bar musu shi a can.

Har yanzu sukan aiko mata da hotuna a waya daga Honiara ko Apia idan wani buhu ya gagare su. Sai ta hau tudun bayan coci inda ake samun layi, a jiyo ta tana faɗa da wani a wata ƙasa cewa hoto ba ya karta, ya ajiye wayar ya shafa abin ya gaya mata me ya ji. An amince da takardar mashiga, an kafa alamu a ruwa. Duk wata Manasa yakan fita da ita ta yi ƙirga, shi yana kallon ƙusoshin jirginsa. Ba kowa ne ya huce ba. Akwai wata tsohuwa, Seini, da har yau ba ta cin abin da Gwaggo ta dafa, ko da yake takan zo ta zauna a inuwar mangwaron su yi hira har rana ta karkata.

An gama ɗakin a watan Mayu, na katako da kwano, ƙofarsa na kallon teku. Ranar da aka buɗe shi ta dafa gwaza da kifi a madarar kwakwa, ta ciyar da duk wanda ya ɗauki ko da katako ɗaya. Babana ya zo daga ƙarshe. Bai shiga ba, ya zauna a kan tabarma a waje kamar yadda ya kamata, na kai masa kwano. Ya cinye, na ƙaro, ya cinye. Ya wanke hannu, ya dubi rufin ya dubi turakun, sannan ya ce wa Manasa ya gaya wa uwar Peni ɗaki ya yi, sai dai gishiri bai ji a miyar ba.

Daga cikin ɗaki Gwaggo ta ce a gaya wa baban Litiana likita ya hana shi gishiri tun bara, duk gari an sani.

Manasa yana tsakiyar cin nasa, bakinsa cike. Ya ɗaga hannu ya ce su dakata ya haɗiye tukuna.